Igiyar rediyo na fasa ɗanyen mai mai kauri, ko dumama shi kawai take yi?

Ɗan Kakuri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a waya, wai Turawa na zura eriya cikin rijiyar mai su saki igiyar rediyo, sai ɗanyen mai mai kauri, irin wanda ya kusa zama kwalta, ya farfashe tun yana ƙarƙashin ƙasa ya fito tsararo. Mai bayanin har cewa ya yi nan gaba ba a buƙatar matata. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Rediyon da muke jin labarai da shi ne zai yi wannan aiki? Masana a warware mana.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka raina igiyar rediyo don ka ga akwatin da ke hannunka batir biyu yake ci. Akwatin karɓa kawai yake yi. Je ka ɗakin da ake watsawa ka gani. Mu da muka yi aiki a gidan transimita mun san ƙunar da layin eriya ke yi wa wanda ya kuskure ya taɓa: a fata ɗan tabo ne fari, amma naman ciki ne ke gasuwa, kuma ba ya warkewa da wuri. A masana'antu ma da ita ake busar da katako, ake liƙa tamfol da ledoji masu kauri, a kan megahaz 13.56 da 27.12 da aka ware musu don kada su dami masu watsa shirye-shirye. Saboda haka batun zafi babu musu. Batun fasa mai kuwa na bar wa masu kimiyya.

Na Alberta: Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ina aikin mai a nan yammacin Kanada, bari in ɗan shimfiɗa tabarmar tukuna.

Man da ke cikin yashin Athabasca, kusa da garin Fort McMurray, a zafin da yake kwance a ƙasa, wajen digiri 10, ba ya motsi sam. Kaurinsa ya ninka na ruwa sau miliyan ko fiye. Kusan kashi 20 cikin 100 ne yake kusa da sama har a iya kwashe shi da manyan motoci. Sauran kashi 80 sai an narkar da shi a inda yake. Hanyar da ta kafu ita ce ta tururi, wadda Roger Butler ya ƙirƙiro a shekarun 1970: a haƙa rijiyoyi biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, tazarar kimanin mita 5. Ta sama na hura tururi mai zafin sama da digiri 200, man ya narke ya tsiyayo cikin ta ƙasa, famfo ya ɗago shi. Kowace ganga ɗaya ta mai tana cin wajen ganga 3 ta ruwan da aka mayar tururi, kuma iskar gas ake ƙonawa a dafa ruwan. Nan kuɗin yake tafiya, nan hayaƙin yake fitowa. Dalilin neman wata hanya ke nan.

Tunanin rediyo kuma ba na jiya ba ne. Cibiyar bincike ta IIT da ke Chicago ta gwada shi a jihar Utah ta Amurka, a wani wuri da ake kira Asphalt Ridge, a 1981. An sake gwadawa kusa da Bakersfield ta Kalifoniya a 1992 da na'ura mai kilowat 25. Daga baya kamfanin Harris, masu ƙera wa sojojin Amurka rediyo, suka haɗu da Suncor da Nexen da wasu, suka zura eriya a bangon mahaƙar Steepbank da ke nan lardin Alberta a 2012 a kan megahaz 6.78, sannan suka koma filin Dover a 2015. Na baya-bayan nan shi ne na kamfanin Acceleware na Calgary, a Marwayne, wanda aka kunna a Maris na 2022 da na'ura mai ƙarfin megawat 2.

Baba Mai Rediyo: Ikon Allah. Megahaz 6.78 ai gajeren zango ne, tsakanin mita 49 da mita 41 da muke murɗawa da asuba muna neman Landan da Jamus. Kilowat 25 kuma ai wasa ne. Transimitocin da BBC ke jefo mana shiri da su daga tsibirin Ascension kowace kilowat 250 ce.

Ɗan Kakuri: To Injiniya, ke nan bidiyon gaskiya ya faɗa?

Na Alberta: Rabi da rabi, ƙanena. Eriyar gaskiya ce, zafin gaskiya ne. Amma duk waɗannan da na lissafa manufarsu su tsinka man ya gudana. Wanda ya fito daga rijiyar har yanzu mai nauyi ne, da ya huce zai sake yin kauri, kuma sai an gauraya shi da kusan kashi 30 cikin 100 na mai marar nauyi kafin bututu ya yarda ya ɗauke shi zuwa matata.

Malama Mai Kimiyya: Sallama gare ku. Na jima ina karantawa, sai yanzu na sami sarari. Inda Injiniya ya tsaya nan ne gaɓar maganar, kuma nan masu bidiyo ke rikita mutane.

Ku dubi manja a lokacin hunturu. Ya daskare a galan, an ajiye shi kusa da murhu ya narke, gari ya waye ya koma yadda yake. Babu abin da ya sauya a jikinsa. Haka ɗanyen mai mai kauri yake in an dumama shi zuwa digiri 80 ko 100. Abin da ya sa yake da kauri tun farko shi ne ƙwayoyinsa manya ne, dogayen sarƙoƙin kabon da wasu dunƙulallu da ake kira asfaltin, ga farar wuta da ƙarafa irin su banadiyam da nikel a maƙale. In ana so ya zama marar nauyi har abada, sai an tsinke sarƙoƙin nan, kuma wannan ba ya kankama sai zafi ya haura digiri 350. A matata ana kaiwa 450 zuwa 500.

Tambayar ita ce, igiyar da kanta za ta iya tsinke sarƙar, ban da zafin da take haifarwa? Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, kuma makamashinsu ƙunshi-ƙunshi yake zuwa. Girman kowane ƙunshi ya dogara ne da yawan bugawar igiyar a daƙiƙa ɗaya. Ƙunshin na'urar ɗumama abinci ta kicin, mai bugawa a gigahaz 2.45, ya gaza abin da ake buƙata don raba kabon da kabon sau fiye da 300,000. Na megahaz 6.78 kuwa ya gaza sau fiye da miliyan 100. Ƙara wa transimita wuta yana ƙara yawan ƙunshin ne, ba ya ƙara girman ko ɗaya. Duk abin da za su iya shi ne su girgiza ƙwayoyin abu har ya yi zafi.

Wani abin da zai ba ku mamaki ma, man kansa kusan ba ya shan igiyar. Ratsa shi take yi ta wuce. Ruwan da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashi, da gishirin da ke cikin ruwan, su ne ke kama ta su yi zafi, sannan su dumama man da ke maƙwabtaka da su.

Ɗalibin Samaru: Malama, da izininki ina da ja. Na karanta rahotannin gwaje-gwajen ɗakin bincike da dama inda aka sa ɗanyen mai a na'urar maikurowef, dangin ta kicin da kika ambata, aka auna zafinsa bai kai digiri 200 ba, amma bayan ya huce kaurinsa ya ragu, har farar wutar ma ta ragu. In zafi ne kaɗai, ta yaya hakan ta faru ƙasa da 350?

Malama Mai Kimiyya: Tambaya mai kyau, ɗana. Koma ka duba me suka zuba a cikin man. Galibi za ka tarar da garin gawayi da aka sarrafa, ko garin ƙarfe, ko wani sinadarin hanzarta aiki. Waɗannan suna shan igiyar sosai, sai kowace ƙwaya ta zama ɗan garwashi mai zafin ɗaruruwan digiri, wani lokaci har da tartsatsi, alhali ma'aunin da aka tsoma yana nuna matsakaicin zafin kwalbar gaba ɗaya. Man da ya taɓa ƙwayar ya fashe, amma zafi ne ya fasa shi. Ba na cewa dabarar banza ce. Kai zafi daidai kan sinadarin da ke aikin ba tare da dafa tukunyar duka ba abu ne mai amfani. Sai dai ka lura akwai gwaje-gwajen da man ya ƙara kauri bayan an gama, don sassansa marasa nauyi sun ƙafe sun gudu. Masu talla ba sa nuna waɗannan.

Ɗalibin Samaru: Amma har yanzu akwai masana da ke rubuta cewa igiyar na da wani tasiri na daban ban da zafi.

Malama Mai Kimiyya: Akwai, kuma an daɗe ana wannan gardama a tsakanin masu haɗa sinadarai. Abin da ya sha faruwa shi ne, in aka sake gwajin da ma'aunin zafi na zaren gilashi a tsakiyar kwalbar, aka kuma juya ruwan da kyau, sai bambancin ya ɓace. Ni a nan na tsaya. Wanda ya ce akwai ƙari, nauyin kawo awo a kansa yake.

Na Alberta: In ƙara wa Malama hujja daga fili. Shell ta yi shekaru a Colorado tana dafa dutsen mai a ƙarƙashin ƙasa da hita ta lantarki zalla, babu rediyo ko kaɗan. Sun riƙe zafin wajen digiri 340 zuwa 370 na tsawon lokaci, mai marar nauyi ya fito. Wato fasawa a ƙasa mai yiwuwa ce, kuma kowane irin zafi zai yi ta. Sun rufe aikin a 2013.

Mai Shayi: Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina. Ku dai gaya mini, litar fetur za ta sauko?

Ɗan Kakuri: Hahaha, Mai Shayi a yi haƙuri, ba yau ba.

Alhaji Tsohon Matata: Injiniya, in hita ta lantarki na iya yi, me ya kai mutum ga wahalar eriya?

Na Alberta: Ranka ya daɗe, yashi da dutse ba sa miƙa zafi da sauri. In ka zura hita, bakin rijiyar zai yi jawur, amma mita 5 daga nan sai a yi watanni zafin bai isa ba. Igiyar rediyo kuwa a cikin jikin yashin take sauke zafinta kai tsaye. Akwai kuma wani abu da ke burge ni. Da ruwan da ke kusa da eriyar ya tafasa ya ƙafe, wurin ya bushe, sai ya daina shan igiyar, ta ratsa shi ta tafi gaba inda ke da danshi. Da kanta take tura iyakar zafin waje. Shi ya sa ake zaɓar zangon da ya fi na na'urar ɗumama abinci tsawo. Irin na kicin santimita kaɗan yake shiga jiƙaƙƙen yashi ya mutu.

Inda take da amfani na gaske shi ne wuraren da tururi ba ya yi. Shimfiɗar mai in ta yi siriri, tururin yana ɓata zafinsa a dutsen sama da na ƙasa. In kuma ta yi kusa da sama ba dutse mai ƙarfi da ya rufe ta, matsin tururi na iya ɓallewa. A filin mai na Joslyn da ke nan Alberta a watan Mayun 2006 haka ta faru, tururi ya tsaga ƙasa ya yi watsi da duwatsu da itatuwa, aka bar rami, daga baya aka rufe filin. Ga kuma yankin Lloydminster, inda Marwayne take: an zuƙe man tare da yashi ba tare da zafi ba, an sami wajen kashi 10 cikin 100, sauran na nan, amma ƙasar ta cika da ramuka, in ka hura tururi sai ya bi ramin ya tsere. Rediyo ba ya buƙatar matsi mai yawa, kuma ba sai an kawo ruwa daga waje ba.

Na Harris da Suncor ma ba su nemi zafi mai yawa ba. Dabararsu a ɗan dumama, ƙasa da tafasar ruwa, sannan a tura iskar furofan ko butan, irin gas ɗin girki, ta narke cikin man ta tsinka shi.

Baba Mai Rediyo: Tsaya Injiniya. Ka ce ƙasar da ke kewaye da eriyar tana bushewa tana sauyawa. To ai nan gizo ke saƙa. Eriya da transimita sai an daidaita su, in ba haka ba wutar da ka tura ta dawo maka ta ƙona bawul, wato kwalbar da ke ƙara wa igiyar ƙarfi a cikin transimita. Mu damina kaɗai in ta sauka sai mun sake gyara akwatin daidaitawa a gindin hasumiya, saboda ƙasa ta jiƙe. Ku kuma eriyarku na binne a cikin abin da ke sauya hali kullum, ba kwa ganinta, ba kwa iya hawa ku taɓa ta. Yaya kuke yi?

Na Alberta: Baba ka taɓo inda ke ciwo. Ana sauya zangon daga sama a bi halin ƙasar. Shi ya sa Acceleware suka bar bawul suka ƙera na'ura da silikon kabaid, wadda ke iya sauya bugawa nan take kuma ba ta ɓarnar wuta sosai. Na'urar sama ta yi aiki. Abin da ya tsayar da su bayan 'yan watanni a ƙasa yake: ruwa ya shiga layukan da ke kai wutar ciki ya lalata wasu sassa, sai da aka kawo injin ciro kaya. Zuwa yau babu filin da ake haƙo man kasuwa da rediyo, duk gwaji ne.

Hajiya Mai Lissafi: Ni kuɗi na sani. Wutar nawa ganga ɗaya za ta ci?

Na Alberta: Hajiya, ga lissafin kan takarda, nawa ne ba na wani kamfani ba. Yashin mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana buƙatar wajen megajul 2.3 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga 10 zuwa 100 ya kama megajul 200 da 'yan kai, wato yunit 57 na wuta irin wanda mita ke ƙirgawa. Man da ke ciki ya ɗan haura ganga ɗaya da rabi. In rabi aka samu, ganga ta ci yunit 70. Hanyar tururi kuwa tana ƙona gas da ya kai kwatankwacin yunit 280 zuwa 300 a kan ganga. A takarda rediyo ya yi nasara nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Lissafi: A takarda fa ka ce. Wutar daga ina? In da gas aka samar da ita, tashar da ta fi kowace inganci kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin take zubarwa, saura ma sun fi haka. Yunit 70 ɗinka ya koma 120 ko 140 tun kafin ya shiga waya. Sa asarar na'ura, sa ta layi, sa zafin da ke tserewa dutsen sama, sa ruwan da ka ce sai ya tafasa ya ƙafe, wanda ban ga ka lissafa ba. Sannan a Alberta gas araha ne ƙwarai, yunit ɗin lantarki ya ninka na gas tsada sau da yawa. Mai kamfani ba jul yake ƙirgawa ba, dala yake ƙirgawa.

Na Alberta: Haka ne, tazarar tana raguwa sosai. Abin da masu rediyo ke dogara da shi uku ne: ba su gina tashar dafa ruwa da ta tace shi, wadda ke cin kaso babba na jarin filin tururi, harajin hayaƙi da Alberta ke ɗora wa manyan masana'antu, da kuma cewa wutar lardin ta rabu da kwal tun 2024. In ɗaya daga ciki ya goce, lissafin ya goce.

Ɗan Omdurman: Salamu alaikum. Mu nan mun ga abin da rashin zafi ke yi wa mai. Ɗanyen man Dar na Sudan ta Kudu sai ana dumama shi a tashoshin da ke kan bututu kafin ya isa Bahar Maliya. A farkon 2024 yaƙi ya hana kai dizal wasu tashoshin, man ya daskare a ciki, bututun ya fashe, fitar da mai ya tsaya kusan shekara. Rediyo zai yi maganin irin wannan?

Malama Mai Kimiyya: Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan'uwa. Naku ciwon daban ne, kakin da ke cikin man ne ke daskarewa. Kuma man da ke bututu an riga an cire masa ruwa, ba abin da zai kama igiyar, ga bututun ƙarfe da ba ta ratsawa daga waje. Nan tukunyar dumamawa ta yau da kullum ta fi.

Alhaji Tsohon Matata: Amin. Ni abin da ke raina gida ne. Yaran yanzu ba su san cewa an gina sashen man giris da kwalta na matatar Kaduna don ɗanyen mai mai nauyi na waje ba ne, daga Venezuela da Kuwait da Saudiyya, saboda namu irin Bonny marar nauyi ne, ba ya ba da kwalta mai yawa. A wancan lokacin daga Escravos ake turo shi ta bututu har Kaduna. Alhali ga kwalta kwance a Ondo da Ogun da Edo, a Agbabu har tsatso take yi a ƙasa. Wani kamfanin Birtaniya ya fara haƙa a yankin tun kafin yaƙin duniya na 1914, amma aikin bai ɗore ba. Alƙaluman da hukuma ke yawan ambata ganga biliyan 42 ne. Har gobe shigo da kwaltar titi muke yi. Injiniya, wannan eriya ba za ta yi mana a can ba?

Na Alberta: Alhaji, abin lura a nan shi ne, in kwaltar titi ake so, ba a ma son a fasa ta, nauyin nata shi ne kuɗin. Narkarwa kawai ake buƙata, wanda shi ne ainihin abin da rediyo ya iya. Kuma inda ta yi zurfin da ba a kwashewa da mota amma ba ta kai zurfin riƙe tururi ba, irin gurbin da ake ƙera fasahar dominsa ke nan. Sai dai kudancin Ondo ƙasar ruwa ce. In ruwan ƙasa na kwararowa yana maye wanda ya ƙafe, busasshiyar da'irar da ke kewaye da eriyar ba za ta buɗe ba, wutarka za ta ƙare a dafa ruwa. In kuma ruwan na da gishiri sosai, igiyar ba ta nisa. Kafin a yi maganar eriya sai an ciro yashin daga zurfi daban-daban an auna danshinsa da gishirinsa da yadda yake shan igiya a kowane zango. Aikin da jami'a za ta iya ne, Ɗalibin Samaru ka ji.

Hajiya Mai Lissafi: Kuma rijiya ɗaya megawat 2, dare da rana, shekaru. Rijiya 100 megawat 200 ke nan, a ƙasar da layin wutarta gaba ɗaya ke yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Sai dai su kafa tashar gas tasu.

Baba Mai Rediyo: Ni hankalina na kan ruwan da ya shiga layin nan. Mu busasshiyar iska ko naitirojin muke cusa wa layin eriya da ɗan matsi, ko ya huje iska ce ke fita, ruwa ba ya shiga. Ba su san wannan ba ne?

Na Alberta: Injiniyoyin lantarki ne, Baba, sun sani. Bambancin shi ne layinku a sarari yake, zafinsa ba ya wuce na rana. Na rijiya yana iya kai kilomita ɗaya, a lanƙwashe, ga matsin ruwan ƙasa daga waje. In zafinsa ya ƙaru da digiri 200, jan ƙarfe mai tsawon kilomita yana miƙewa mita 3.4, baƙin ƙarfen da ke riƙe da shi mita 2.4. Mita guda ke nan na saɓani tsakanin abubuwa biyu da aka ɗaure tare, kuma duk sanda aka kashe wuta aka kunna sai sun ja sun saki. Mahaɗa da abin toshe ruwa da tangaran da ke raba wayoyin su ke shan wannan jan.

Baba Mai Rediyo: Tangaran kuwa ba ya son ja ko kaɗan. In ka sami hoton yadda suke haɗa gaɓoɓin layin, turo mini in gani.

Na Alberta: Akwai zane a takardun mallakar fasaha da Harris ta yi wa rajista, a buɗe suke ga kowa. Zan nemo in sa a nan bayan na tashi aiki, in sha Allah.